Keke mai tsada: wa zai ɗauki hasara in an sace shi?

Yau zancen keke nake so mu yi.

Kowa ya san abin da keke yake ga talaka. Jaki ne wanda ba ya cin ciyawa. Bisa gare shi mai burodi ke zagaya ƙauyuka tun da asuba. Bisa gare shi ake kai buhun gero wurin injin niƙa, a ɗauko jarkunan ruwa, a kai yaro mai zazzaɓi likita tun rana ba ta yi zafi ba. Ɗan lakwal wanda makarantarshi ke nesa da gida, keke ne ƙafarshi. Ni ma da nake rubuto maku wanga bayani, keke ne ke kai ni ƙauyuka uku inda nake koyar da manya. In babu shi, ƙauye ɗaya kaɗai zan iya riƙewa.

Keke kuma ba abin araha ba ne. Daga waje ake kawo shi, daga Sin ko Indiya ko Turai. Dattawanmu suna tuna zamanin Raleigh da Peugeot. Suna kuma tuna watan Janairu na 1994, sa'ad da anka karya darajar kuɗinmu na sefa da rabi, kayan waje sunka yi tashin gwauron zabo. Mutum yakan saida tumaki ko buhunan wake kafin ya mallaki keke mai kyau. Wani bashi yake ci. Tsada kuwa gwargwadon aljihu take. Abin da ka yi shekara kana tara kuɗinshi, mai tsada ne, ko da maƙwabcinka yana ganin shi ba kome ba.

To, ga tambayar da nake so kowa ya yi ma kanshi. In ka fito daga kasuwa ka tarad da wurin da ka jingine kekenka wayam, wa zai biya ka? In amalanke ya taka shi, ƙafa ta lanƙwashe, ƙashin ya karye, daga ina kuɗin gyara za su fito? In amsarka ita ce "daga rumbuna", to, ka zauna mu yi shawara.

Mi ake nufi da inshora?

Inshora ita ce abin da masu mota da masu moto ke kira asurans. Ga yadda take. Mutane da yawa suna tsoron hasara iri ɗaya, amma ba wanda ya san kan wa za ta faɗa. Sai kowa ya ba da ɗan abu kaɗan, a tara wuri guda. Wanda hasara ta faɗa mashi, a biya shi daga cikin abin da anka tara. Wanda bai yi hasara ba, ba a maido mashi kuɗinshi. Kwanciyar hankali ya saya da su.

Mu yi lissafi, kamar yadda muke yi bisa allo. Misali ne kawai. A ce mutum 100, kowa da kekenshi na jika 80. A ce cikin shekara an sace 5. Hasara ta kama jika 400. In mutum 5 ɗin nan su kaɗai za su ɗauke ta, kowa ya rasa jika 80, gidanshi ya girgiza. In kuwa an raba ta kan mutum 100, kowa jika 4 zai ba da. Jika 4 ba ta karya magidanci. Asirin inshora ke nan duka. Kamfanin inshora shi ne mai tara kuɗin da raba su, kuma yana ƙara wani abu bisa jika 4 ɗin nan, don albashin ma'aikatanshi da haraji da ribarshi.

Akwai wani ruɗu da nake yawan ji, bari in warware shi tun yanzu. Mai moto yakan ce: "Ni ina da asurans, in an sace moto za a biya ni." A'a, ɗan'uwa. Takardar da jandarma ke tambaya bisa hanya, ta dole ce ga duk abin hawa mai inji, amma aikinta shi ne biyan wanda ka buge ko ka ɓata ma kaya. Ba ta biyan abin hawanka. Inshorar sata daban take, da kuɗinta daban. Keke na feda, da yake ba shi da inji, wagga doka ta dole ba ta hau kanshi ba. Mai keke shi ne zai duba ma kanshi.

Ƙasar da kekuna sunka fi mutane yawa

Don mu ga yadda inshorar keke ke aiki, bari in kai ku inda ta zama ruwan dare. A Turai akwai wata ƙaramar ƙasa, Holan. Mutanenta wajen miliyan 18 ne, kekunansu sun haura miliyan 20. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kowa na hawa, yaro da tsoho, talaka da minista. Suna da keke mai batir wanda kuɗinshi kan kai Yuro 2000 ko fiye. Yuro ɗaya kusan 656 F ne, ke nan keke ɗaya ya fi miliyan ɗaya da jika 300 na kuɗinmu. Inda keke ya yi yawa haka, ɓarayinshi ma suna da yawa. Shi ya sa mai sabon keke yakan yi mashi inshora tun a kantin da ya saye shi.

Amma ku ji sharaɗin. Kamfani ba ya karɓar kowane irin makulli. Sai wanda anka gwada ƙarfinshi anka ba shi shaida. Galibin kekunansu suna da wani makulli mai kamar zobe, a maƙale bisa ƙafar baya. A yawancinsu, mabuɗin ba ya fita sai an kulle. In kana tafiya, yana ciki. In ka tsaya ka kulle, sannan ka zare shi. Ana ba ka mabuɗi biyu ranar saye. Ranar da ka zo ka ce an sace kekenka, sai kamfani ya ce: "Kawo mabuɗan nan biyu." In ka kawo su, shaida ce keken a kulle yake. In ɗaya ka kawo, sai su ce mai yiwuwa ɗayan yana jikin keke, wato ka bar shi buɗe. Sai su ƙi biya.

A Faransa kuma, tun ranar 1 ga Janairu 2021, kusan duk sabon keken da kanti zai saida sai an buga mashi lamba ta musamman, an rubuta ta da sunan mai shi cikin kundi na ƙasa baki ɗaya. In ƴan sanda sun kama keke a hannun ɓarawo, lambar ce ke gaya masu gidan da za su kai shi.

Abin da na ɗauka daga waɗanga ƙasashe shi ne, ko inda kuɗi ke da yawa, kamfani ba ya tsaron keke a madadin mai shi. Makulli da lamba da takarda su ne gaba. Inshora tana biye da su.

Abin da doka ta ce a ƙasarmu

Mu dawo gida. Nijar tana cikin ƙasashe 14 na Afirka da ke bin dokar inshora guda. An sa hannu bisa yarjejeniyar a Yawunde cikin Yuli 1992, dokar ta fara aiki cikin 1995. Ana kiran ƙungiyar CIMA. Kowace irin dukiya ka yi ma inshora, keke ne ko shago ko kayan ɗaki, akwai ƙa'idodin da ya kamata ka sani kafin ka sa hannu.

Ta farko: sai ka biya inshora ke fara aiki. Tun 2011 anka tsananta wanga sharaɗi. In ka ce "rubuta, zan kawo kuɗi bayan kaka", kuma anka yi sata kafin kaka, ba ka da kome.

Ta biyu: faɗi gaskiya. In anka tambaye ka inda keke ke kwana, ka ce cikin ɗaki alhali a zaure yake kwana ba ƙofa, kuma anka gane da gangan ka ɓoye, yarjejeniya ta rushe. Ba a biya ka, kuɗin da ka zuba kuma sun zama na kamfani.

Ta uku: kada ka yi nawa. In sata ce, awa 48 gare ka, wato kwana biyu, ka sanar da kamfani daga sa'ad da ka sani. In wata ɓarna ce, doka ta ce wa'adin ba zai gaza kwana 5 na aiki ba. Mu mutanen ƙauye, in an yi mamu sata, mukan yi mako muna cigiya, muna bin sawu, muna aike kasuwanni. Cigiya tana da kyau, amma a fara kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda, a karɓo takardar shaida, a kai ma kamfani. In mutum ya yi jinkiri, yana iya rasa haƙƙinshi.

Ta huɗu: ba a cin riba da inshora. Ba za a biya ka fiye da darajar abinka a ranar da ya ɓata ba. Keken da ka saya jika 80, bayan shekara uku bisa rairayi da rana, ba jika 80 ba ne kuma. Haka nan in ka rage darajarshi don ka biya kaɗan, kai ka rage ma kanka. A ce keke na jika 80 ne, ka ce na jika 40 ne. In ya yi ɓarnar jika 20, rabi za a ba ka, jika 10, sai fa in takarda ta faɗi wani abu daban.

Akwai kuma abin da zan kira rabon mai kaya. Yawancin yarjejeniyoyi suna cewa, cikin kowace hasara, akwai wani kaso da kai za ka ɗauka. In rabonka jika 10 ne, gyara ya kama jika 8, ba ka samun ko dala. In ya kama jika 25, a ba ka jika 15.

Game da ɓarna, a rarrabe hatsari da tsufa. In ka faɗa rami da dare, ko sa ya tunkuyi keke, ko bango ya faɗa mashi da damina, hatsari ne. In taya ta suɗe, ƙaya ta huda ta, sarƙa ta saki, tsatsa ta ci ƙarfe, tsufa ne da aiki. Inshora ba ta biyan tsufa. Wannan tsakaninka ne da mai gyaran keke.

Mutum biyu, itace ɗaya

Bari in ba ku labarin abin da ya faru ga mutum biyu cikin waɗanda nake koyarwa. Wata shekara bayan kaka, ranar kasuwa, sunka jingine kekunansu gindin itace ɗaya. Kafin la'asar duka biyu sun yi ɓatan dabo. Ɗaya mai saida burodi ne, ɗaya kuma yana sayo kaji ƙauye ya kai birni.

Bayan ƴan makonni anka kama wani da kekuna da dama. Anka yi shela masu kaya su zo. Mu uku munka tafi. Abin da munka tarar ya ba mu mamaki. An sake ma kekunan fenti, an musanya sirdi, an cire ƙararrawa daga wanga an sa ma wancan. Mai son abinka ya fi ka dabara.

Mai burodi ya fito da takardar da anka ba shi ranar saye, da ɗan littafinshi inda ya kwafe lambar keke. Anka kifa kekuna ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu, lamba ta yi daidai. Ran nan ya koma gida bisa abinshi.

Mai kaji kuwa ya nuna wani keke ya ce: "Wanga nawa ne, na san shi kamar yadda na san ɗana." Ni ma na yarda nashi ne. Amma wani mutum daga wani gari ya nuna keke ɗaya ɗin, shi ma yana rantsuwa. Ba mai takarda cikinsu. Hukuma ba ta raba gardama da rantsuwa biyu, sai anka ce su jira bincike. Ya yi watanni yana ɗaukar akurki bisa kai. Wanda ke zagaya ƙauye biyar a yini ya koma zagaya biyu. Daga ƙarshe tunkiyar matarshi anka saida anka sayi wani tsohon keke.

Ba ɗayansu da ke da inshora. Amma da mai kaji ya je kamfani, abin da za a fara tambayarshi shi ne abin da bai da shi: takardar saye da lamba. Kusan kowane keke yana da lambarshi da anka buga cikin ƙarfe tun daga masana'anta. Galibi tana ƙarƙashi, inda fedoji ke haɗuwa. Wani lokaci tana gindin sirdi ko kusa da ƙafar baya. Fenti yana rufe launi, amma lamba tana nan sai in an goge ta da gangan. Keken da anka goge ma lamba kuwa, kada ka saye shi kome arahar shi. Wanda ya sayi kayan sata, shi ke ba ɓarawo ƙarfin komawa gobe, kuma shi ma yana iya kwana hannun hukuma.

Ko inshora ta cancanci kuɗinta?

Ba zan ce ma kowa ya ruga biron inshora ba. A yi lissafi tukuna. A ce anka nemi jika 8 a shekara bisa keke na jika 80. Cikin shekara 10 ka biya kuɗin keke ɗungum, alhali darajarshi tana raguwa kowace shekara. A ganina, inshora ta fi amfani ga mutum uku: mai sabon keke cikin shekarunshi na farko, wanda ya ci bashi ya saya bai gama biya ba, da wanda abincin gidanshi ke bisa keke kuma ba shi da wata ajiya. Wanda ya ci bashi ya fi kowa shiga uku in an yi sata, don keke ya tafi, bashi yana nan. Mai tsohon keke na jika 20 kuwa, gara ya sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau, ya riƙa ajiye ɗan abu gefe.

In ka shiga birni ka je biron inshora, tambayi ko suna karɓar keke shi kaɗai, ko sai cikin inshorar kayan gida. Bambancin babba ne. Inshorar kayan gida galibi tana biyan satar da anka yi cikin gida, inda anka fasa ƙofa ko anka karya makulli. Keken talaka kuwa a kasuwa da ƙofar masallaci da bakin gona yake yini. Saboda haka kada ka sa hannu sai ka ji amsar waɗanga tambayoyi:

1. In an sace shi a waje, yana kulle, za ku biya?
2. Wane irin makulli kuke so, kuma sai an ɗaure keken ga wani abu?
3. In da dare ne fa?
4. In na ba ɗana ko ƙanena aro, abu ya faru a hannunshi, ƙaƙa ke nan?
5. In ina ɗaukar kayan saidawa bisa gare shi, inshora tana nan?
6. Nawa ne rabona cikin hasara, kuma nawa kuke ragewa kowace shekara?

Kowace amsa ka ce a nuna maka inda take cikin takarda. Takardun nan da Faransanci ake rubuta su. In ba ka jin shi, tafi da wanda ka amince da shi ya karanta maka layi layi, har ƙananan rubutun da ke ƙasa. Maganar baki ta ma'aikaci ba ta biyan kowa. Abin da ke rubuce shi ne alkawari. In kuwa ka cika naka, kamfani dole ya cika nashi, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mashi aski.

Na san wasu za su ce: mi addini ya ce? Malamai da yawa suna da magana bisa inshorar kamfani, saboda kuɗin ruwa da kuma rashin sanin abin da mutum zai samu. Don haka ne anka fito da wani tsari mai suna takaful, wato ɗaukar nauyin juna. A cikinshi kuɗin da kowa ya zuba gudummawa ce, asusun na masu zubi ne, kamfani ladan kula da shi yake karɓa. Kamfani na farko irin wanga an kafa shi a Sudan cikin 1979, kuma cikin 2019 ƙungiyar CIMA ta yi dokar da ta ba shi hanya a ƙasashenmu. Wanda zuciyarshi ba ta kwanta ba, ya tambayi malaminshi.

Asusun masu keke

Ga wanda birni ya yi ma nisa, akwai wata hanya, kuma matanmu sun riga mu gano ta. Cikin 1991, a jihar Maraɗi, anka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara tare da ƙungiyar CARE. Mata suna taruwa kowane mako, kowa ta zuba abin da anka yanke, su ba juna rance. Ƙungiyoyi da yawa suna ware wani ɗan asusu daban na taimako, don rashin lafiya ko gobara ko rasuwa. Dabarar da ta tashi daga ƙauyukanmu yau ta kai ƙasashe da yawa na Afirka har da Asiya. Wancan ɗan asusu na taimako, ƙanwar inshora ce.

Na kai wagga shawara ɗaya daga cikin ƙauyukan da nake zuwa. Na ce: ku masu keke mutum 20 ne. In kowa ya zuba dala 100, wato 500 F, kowane wata, a wata an tara jika 10, a shekara jika 120. In an yanke cewa wanda anka sace ma keke za a taimake shi da jika 40, asusu yana iya ɗaukar mutum uku a shekara.

Wani dattijo ya girgiza kai ya ce: "Mushe, za ka koya ma yaranmu ƙarya. Duk wanda biki ya matse shi, sai ya kai kekenshi wata kasuwa ya saida, ya dawo yana salati." Wani kuma ya ce: "In na san za a biya ni, don mi zan wahala da kwaɗo?" Maganarsu gaskiya ce. Manyan kamfanoni ma waɗanga abubuwa biyu ne ke hana su barci. Munka yi dare biyu muna gardama, sannan munka tsai da dokoki kamar haka.

Kowane keke sai an rubuta shi cikin littafi: sunan mai shi, irin keken, lambarshi, da darajar da mutum uku sunka yi mashi. Ba a shigar da keke maras lamba. Sabon shiga sai ya yi wata uku yana zubi kafin ya sami haƙƙi. Wanda bashin zubi na wata biyu ke kanshi, ba shi da kome sai ya biya. Asusu ba ya biyan duka, kashi biyu cikin uku yake biya, kuma ba ya wuce jika 40, don mai keke ya ji zafin hasara ya kula da abinshi. Ba a ba mutum kuɗi a hannu. Mutum biyu ne za su raka shi kasuwa a sayi keke, ko a biya mai gyara. In sata ce, sai ya kawo takardar jandarma da mabuɗin kwaɗonshi. In anka ga keken daga baya, ya zaɓa: ko ya maido kuɗi, ko ya bar ma asusu keken. In hasara ta yi yawa a shekara har kuɗi sunka kasa, a raba abin da ke akwai daidai, kada na farko ya kwashe duka. Akwati kuwa kwaɗo uku gare shi, mabuɗai a hannun mutum uku, ba a buɗe shi sai gaban jama'a, kuma kowane wata a karanta lissafi da ƙarfi kowa ya ji.

Asusu irin wanga yana da rauninshi. Mutum 20 kaɗan ne. In ɓarayi sunka shigo dare ɗaya sunka kwashe kekuna shida, akwati ba zai iya ba. Kamfani ya fi shi ƙarfi ta nan, don mutanenshi dubbai ne a garuruwa daban daban. Amma asusu ya fi kamfani ta wani wuri: a ƙauye kowa ya san kowa, an san mai gaskiya, an san wanda ke barin kekenshi ƙofar gida har asuba. Kuma abin da ya yi saura ƙarshen shekara na masu zubi ne. Suna iya barin shi ya ƙaru, ko su sayi famfo da kayan gyara na kowa da kowa.

Ƴan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ko kamfani ka zaɓa, ko asusu, ko kuwa ajiyar kanka, akwai aikin da ba ya cin ko dala, kuma yau ya kamata a yi shi. Kifa kekenka, goge ƙasa da mai, nemo lambar. Kwafe ta da kyau, harafi harafi, a wuri biyu: ɗaya cikin littafinka, ɗaya a ba uwargida ta ajiye. Nemo takardar saye ka sa ta cikin leda, inda gara da ruwa ba su kai. In hannu da hannu ka saya ba takarda, koma wurin wanda ya saida maka, ku rubuta ta gaban shaidu biyu ko gaban mai gari. Mai salula ya ɗauki hoton keken da na lambar. In ka tsaya kasuwa, sarƙa ta ratsa ƙashin keke da ƙafa, ta zagaye itace ko turke, don keken da anka kulle ƙafarshi kaɗai ana ɗaukar shi a kafaɗa. Inda akwai mai tsaron kekuna, ba shi ladanshi ka karɓi shaida.

Waɗanda ke da irin wanga asusu a garinsu, ko na keke, ko na amalanke, ko na shanun huɗa, su rubuto mamu yadda sunka tsara nasu da wahalar da sunka gamu da ita, don wasu su ƙaru. Allah ya tsare mamu dukiyarmu, ya kai mu wata fitowa lafiya.